Bakin Famfon Feshi

Babanmu manomin rani ne a Damri, tumatir da albasa. Da damtsensa yake dama maganin feshi a bokiti. In bakin famfo ya toshe, sai ya kai shi baki ya hura, ya tofar, ya ce shi ai ba ƙwaro ba ne. Mu kuwa dariya muke yi.

Mantuwa ta daɗe da kama shi ba mu farga ba, domin Baba gwanin gaisuwa ne. Zai tambaye ka gida da iyali da gajiya har ka ƙosa, sai ka tafi ya juyo ya ce mana, "Wane na wanga?"

Na kai shi asibiti a Mafara, inda nake koyarwa. Likita ya tambayi sana'arsa, ya ce ciwon yana da dalilai da yawa, ba zai rantse a kan guda ba. Amma gubar da ke shiga jiki shekara da shekaru tana iya sa ƙwaƙwalwa kumburi, ta yi ta cin ta a hankali. Nan take hankalina ya koma kan ƙanena, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya gaji famfon har da hurawar.

Na saya masa safar hannu da takunkumi. Ya rataye su a ƙusa.

"Yaya, wa yat taɓa ganin manomi da safa?"

Raina ya ɓaci. Na yi faɗa, na yi lallashi, kamar ina zuba ruwa a kwando.

Wata Asabar da hantsi na riƙo hannun Baba muka je gonar don ya miƙe ƙafa. Shi ya share ta da hannunsa tun ba a haife mu ba. Ya tsaya ya yaba albasar, sannan ya gaida ƙanena cikin ladabi.

"Malam, gonar wa ta wagga? Mai ita ya san aiki."

Ƙanena ya koma feshi, can famfo ya toshe. Na ga ya ɗago shi har kusa da leɓe, ya tsaya. Ya karyo ƙaya ya tsokale ramin, ya daɗe yana wanke hannu a kwata.

Yanzu da yake sa safar da takunkumin, maƙwabtan gona "Likita" suke ce masa, biyu ma sun aiko in sayo musu irin nasa. In sun tsokane shi sai ya ja takunkumi ƙasa ya ce, "Ku yi ta dariya. Ni dai so nike in tsuhwa ina gane ɗiyana."