Teburin Ladan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da sahen nan Ladan mai shayi ya bugo min waya, wai Malam Sahabi na Maradun ya rasu.

Yaran yanzu baku san Sahabi ba. Lokacin aikin dam na Bakolori mu ukku munka dauki dillancin burodi wajen wani Alhaji mai gidan burodi a Mafara. Anka yi takarda, kowa ya dangwala yatsa. Kantuna da teburan shayi na Mafara nawa, Bakura na wani, Maradun na Sahabi. Wanda anka kama ya kai burodi yankin wani, Alhaji ya amshe keken da ya bashi, ya kama gabanshi.

Ni ko ku tambaya, ba'ayi matukin keke kamata ba. Akwati biyu a baya, hannu guda, ina waka.

To Ladan shine babban kwastomana. Kwatsam ya kwashe teburinshi ya koma bakin get din dam inda lebura ka karyawa, gefen Maradun. Ni ko na bishi da burodina. Sati biyu anka kai karata, kuma ba Sahabi ya kai ba.

Alhaji ya tara mu ukkun, ya bude takarda yace, "Bawa, gari anka rubuta, ba mutum ba. Aje keken."

Saura wata guda aurena.

Sai Sahabi ya gyara hula yace, "Alhaji, a kara layi guda. Teburin Ladan na Bawa ne duk inda ya kafa shi, muddin Ladan na da rai. Ran da ya mutu ya dawo hannuna."

Alhaji yace, "Kasan teburin nan ya fi kanti goma?"

Yace, "Na sani. Amma tun Ladan na daukar burodi biyar Bawa ka kai mishi cikin ruwan sama."

Anka kara layin. Kullum in ratsa yankin Sahabi ina buga kararrawa, shi ko in tayata ta pashe shi ka bani faci.

Da teburin nan nayi aure, na gina gida, yau diyana ka rabon burodi da mota. Eh, ni gwani ne, amma wannan abokina ne, ku nuna min irinshi.

Ganinmu na karshe wajen suna a Jangebe bayan karamar sallah. Ya rike hannuna yana dariya yace, "Bawa, Ladan dai ya ki mutuwa. Kun hada baki ko?"

Yau gashi Ladan ne ya fada min, yana kuka, tsoho ba hakori ko guda.

Allah ka jikan Sahabi, ka yalwata mishi kabari kamar yadda ya yalwata min hanya. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa mishi kulhuwallahu ko kafa ukku ce.