Shinkafar da Ba Tamu Ba

Har yau in na tuna sai in ji ƙyamar kaina, wallahi. A unguwar Madinat Khalifa ne, shekarata ta biyu a Doha, ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a gine-ginen Lusail. Ƙofarmu na kallon ta wani dattijo injiniya, mutumin Koriya. Ni da abokin zamana, wani Bakano mai ci kamar gara, Baban Caina muke ce masa. Bai taɓa gyara mana ba.

Wata Alhamis muka dawo da magariba, yunwa kamar ta kashe mu, sai ga ƙofarsa a buɗe. Ga ɗan gajeren tebur: shinkafa an soka mata cokali a tsaye, soyayyen kifi, 'ya'yan itace, kyandir biyu na ci. Ba kowa.

Abokina ya ce, "Kai, walima ce! Wa zai jera abinci ya buɗe ƙofa in ba gayya ba? Yalla, bisimilla."

Muka yi sallama, shiru, muka shiga. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, ni na cinye kifin. Har wata farar takarda mai rubutu da aka jingine a bayan kwanukan na zara na goge maiƙon hannuna.

Sai ga dattijon a bakin ƙofa. Ashe a al'adarsu, in an jera wa kakannin da suka rasu abinci, sai a buɗe musu ƙofa, a fita a ba su wuri su ci.

Bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa, ya ɗauko wani tsohon littafi na sunayen zuriyarsu, ɗaruruwan shekaru a jere. Ya nuna mana waɗanda suka rayu ƙarƙashin sarakunansu, da waɗanda suka ga yaƙe-yaƙe da maƙwabta. Ya tsaya a kan kakansa. Zamanin mulkin Japan an tilasta masa sauya suna. Da yaƙi ya tsaga ƙasar biyu, mahaifin dattijon ya tsere kudu, kakan ya rage a arewa. Ba wasiƙa, ba kabari, ba ranar mutuwa. Ranar da suka rabu ita suke yi masa wannan abincin, sau ɗaya a shekara.

Abokina ya raɗa mini da Hausa, "Khalas, shi ke nan, ai gara mu ci da a bar wa matacce." Tir! Ji na yi kamar in mare shi, in mari kaina.

Dattijon ya duba bayan kwanukan. "Ina takardar? Sunan kakana na asali ne a kanta."

Tana tafin hannuna a dunƙule, tana ƙarnin kifi. Ya karɓa da hannu biyu, har da sunkuya mini, ya shiga miƙar da ita a kan gwiwarsa. Ni kuwa har ranar ko sunan shi kansa ban taɓa tambaya ba.