Sista Dorcas da Allon da Muka Haddace

Bakwai saura kwata Sista Dorcas Ayuba take sauka daga keke a bakin garejin tankokin mai da ke hanyar Rido, jaka a kafaɗa, kular abinci a hannu. Daga unguwar Television take tahowa. Ta buɗe ɗan ɗakin shan magani na kamfani, ta share, ta rataye allon gwajin ido, ta fito da na'urar awon jini. Kafin ta zauna, direbobi sun cika benci. Duk wata shida sai direba ya bi ta hannunta: ido, hawan jini, suga, fitsari. In ba ta sa hannu a takardar lafiyarka ba, babu mai miƙa maka makullin tanka. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ban fara da ƙaunarta ba. Ni mutum ne da ba na yarda da kowa, musamman mai farin kaya da biro. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Na yi wankin mota a Makera, na taɓa walda, na ja keke, babu inda na daɗe. Da na iya babbar mota aka ce saura takardar Sista. A teburin mai shayi na ji labarinta: wai manaja ne ya ajiye ta don ta riƙa kakkaɓe tsofaffi, wai mai shagon tabarau da take tura mutane wurinsa ƙaninta ne. Na yarda da duka, na kuma sa mata ido.

Ga abin da aka gani a benci.

Baba Isiyaku, wanda ya shekara talatin a hanyar Legas, ya kwana uku yana ɗura tafarnuwa da zoɓo ba suga don jininsa ya sauka. Ta ɗaura masa na'ura, ta duba, ta ce, "Baba, warin tafarnuwa ya riga ka shigowa, amma jinin bai ji labari ba."

Ya ce, "Sista, na'urar nan taki ce mai hawan jinin."

Ta dakatar da shi sati biyar. Oga Tony mai raba lodi ya shigo yana faɗa, wai mota na tsaye da kaya. Ta tura masa biro ta ce, "Oga, ga wuri, sa naka hannun." Bai sa ba. Yau Baba Isiyaku yana kan magani, yana kan sitiyari, har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwarta.

Samson kuwa fitsarin wani ya ɓoyo a safa. Ta taɓa kwalbar kawai ta ce, "Samson, a firji kake ajiye mararka?" Benci ya ɗauki dariya.

Ni nawa shirin ya fi nasu. Allon idon nata zane ne mai ƙafa uku, kana faɗin inda ƙafafun suka dosa. Direbobi sun daɗe da mai da layukan ƙasa waƙa: sama, dama, dama, ƙasa, hagu. Na haddace tsaf. Na gaya wa kaina ba don idona na da matsala ba ne, don dai kada ta samu hanyar cuta ta.

Ranar gwajina ta rufe mini ido ɗaya, ta ɗaga sanda, na zubo mata layin gaba ɗaya.

Ta ce, "Abdulmalik, ka iya waƙa. Zo mu sha iska."

Ta fitar da ni tsakar gareji, ta nuna wata tanka can jikin katanga. "Karanta mini lambarta."

Fari na gani da baƙi-baƙi a kai. Na ce ƙura ce. Ta kira mai gadi, tsoho tukuf, ya tsaya kusa da ni ya karanto ba gargada.

Na fusata. Na ce, "Na san zancen. Shagon ƙaninki za ki tura ni."

Ba ta ko ɗaga murya ba. "Je duk inda ka ga dama. Amma ɗana, me ya fitar da kai daga makaranta?"

Na ce malamai ne suka tsane ni, kullum bulala wai ba na kwafar aiki.

"A ina kake zama a aji?"

"A baya."

"Kana ganin abin da ake rubutawa a allo?"

Ni a zatona kowa haka yake ganin allo, masu ƙoƙari ne kawai suke cankowa.

Duk da haka ban yarda ba. Na tsallake Television, na tafi wani asibitin ido a ƙetaren gada, ban ambaci sunanta ba, don in kama ta da ƙarya. Abin da ta gano shi suka faɗa: idona ba ya gani daga nesa, sai da tabarau. Na kuma bincika mai shagon nan: Bayarabe ne, ko garin su Sista bai sani ba. Ranar da na sa tabarau na tsaya a bakin titi kamar baƙo. Ashe daga nesa ana ganin ganye ɗai-ɗai a bishiya. Ashe ana karanta allon hanya tun kafin a iso gindinsa. Sai na tuna yaran ƙauyen Kakau da ke tsallaka titin Abuja da safe, a ce ga ni a kan lita dubu arba'in da biyar ta fetur, ina canke.

Sista Dorcas, ke ce ƙofar da ba a haurawa. Ke ce kika sha zagi a bayan ido shekara ashirin da shida, har da nawa, ba ki taɓa sa hannu a kan ƙarya ba. Takardata tana aljihuna, da rubutunki a ƙasa: "Sai da tabarau." Abin da malamai goma ba su tambaye ni ba, ke kika tambaya a tsakiyar gareji. Na gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri.

'Yan'uwana direbobi, mu daina waƙar nan. Ku kuma masu farin kaya da ke sa wa takarda hannu ba ku ga mai ita ba, mun san kuna nan; ku zo ku ga yadda ake yi kafin ta tafi.

An ce wani saurayi ne zai gaje ta, mai fara'a, kowa yana yabonsa. Wannan yabon ne bai kwanta mini ba. Zan zauna a benci in ga ko zai fitar da mutum tsakar gareji. Yanzu dai ina gani daga nesa.