Magini a Kan Kujera

Shekara ashirin da biyu Dogo yana ɗora bulo kan bulo, kafin katakon da yake tsaye a kai ya karye a hawa na biyu. Ya rayu, amma ƙashin ƙugu ya ƙi ɗoruwa daidai. Wata takwas yana kwance yana kallon silin. Masu dubiya suka yi ta zuwa har suka gaji. Ba kuka, ba faɗa. In an kawo abinci ya ci, in an ɗauke ya yi shiru.

Babbar 'yarsa ce ta kai sunansa makarantar koyon zanen gini da kwamfuta.

"Baba, kai fa kake karanta wa mutane takardar gini. Yanzu kai za ka zana."

"To," ya ce. Da cewa ta yi a kai shi kasuwa a ajiye, to ɗin dai zai ce.

Ajin duk sa'o'in 'ya'yansa ne. Yatsunsa da siminti ya cinye suka ƙi linzamin kwamfuta, in ya so jan layi ɗaya sai biyu su fito. Malamar ta ce, "Baba, ba cebur ba ne, sassauta masa." Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya buɗe haƙora, don ya ga ana yi.

Bayan shekara, wani injiniya da ya taɓa yi wa aiki ya ɗauke shi. Aka ba shi tebur a lungu, kusa da injin buga takarda. Aikinsa na farko matakalar wani bene ce. Ya duba awon da aka ba shi, ya dogara sanda har ofishin maigidan.

"Ranka ya daɗe, mai hawa zai buga kai a nan. Rufin ya yi ƙasa."

Injiniya ya sake aunawa, ya ɗago. "Wallahi haka ne. Ya aka yi ka gane?"

"Na taɓa fasa irinta."

Ranar da aka buga zanen, da sunansa a ƙasa, ya kawo kwafi gida. Matarsa ta riƙe takardar a juye tana ta sa albarka, 'yar ta gyara mata. Suka tambaye shi yaya ya ji.

"Kujerar da laushi," ya ce.

Yana can har yau. Ƙarfe takwas yake isa, ya kunna na'urar, ya jira ta gama buɗewa, hannuwansa a kan gwiwa.