Injin da Aka Rataye a Mangwaron Gidanmu

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, aka rataye injin motar Baba a mangwaron ƙofar gidanmu da ke Gangaren Tudu. Har yau ina ganin sarƙar nan da aka zarga a babban reshe, ƙarti huɗu suna ja suna nishi, injin yana tasowa a hankali, baƙin mai na ɗiga a dandamalin da muke shanya gyaɗa. Mu yara murna muke yi, mun watsar da 'yar gala-gala mun kewaye motar. Da na san abin da ake yi mana a ranar, da kuka na yi.

Motar doguwar fijo ce, kuma ita ke ciyar da mu. Lokacin Abuja na ta buɗewa, ma'aikatan da suka kasa samun gida a can sun cika Keffi. Baba ke kwasar su da sassafe zuwa Nyanya, ranar kasuwa kuma ya nufi Garaku ya ɗauko doya. Kullum kafin ya fita sai ya buɗe gaban motar ya duba mai, ya goge injin da tsumma, ni kuma in jawo masa ruwan rijiya ya zuba a lagireto. Yakan ce, "Inji yana magana, mutane ne ba sa saurare."

Sai motar ta fara rawa. Da an tsaya, sitiyari ya yi ta karkarwa har madubi na kaɗawa. A lokacin ne Kawu Ɗanlami, ƙanin Innarmu, ya dawo daga Abuja inda ya koyi kanikanci, da baƙin tabarau da Turanci fal baki. Ya ɗan kara kunne ya ce, "Yaya, injin nan ya gama yayi, sai dai a sa ɗan Beljiyam." Baba ya ce shi dai bai ji sautinsa ya canza ba. Amma a danginmu ba a kai wa bare aiki alhali ɗan'uwa na da sana'ar, kuma mutum ba ya musu da ƙanin matarsa a gabanta. Aka sayar da awakin Inna aka sayo ɗan Beljiyam ɗin, wato injin gwanjo na ƙasar waje.

Da aka ɗaga tsohon injin sai na leƙa ramin da ya bari. Akwai wasu robobi biyu masu kauri da inji ke zama a kansu, makanikai na ce musu injin-sit. Ɗaya ta rabe biyu kamar tsohon silifa. Na ce, "Kawu, wannan robar ta tsage." Ya yi dariya ya ce, "Ke, je ki wanke kwanuka." Inna ta galla mini harara, na ja da baya. A kan wannan tsagaggiyar robar aka ɗora sabon injin. Namu kuwa aka loda shi a amalanke, wai ya zama kayan bola.

Rawar ba ta daina ba, sai ma hayaƙi da shan mai da suka ƙaru. Yau motar ta mutu a Masaka, gobe a Mararraba, fasinjoji suka gudu. Wata rana da la'asar Baba na alwala a ƙofar gida, sai na ga ya tsaya cak da buta a hannu. Wata mota ce tafe, ba ta ɓullo ba tukuna, amma ya riga ya gane muryar injinta. Tasi ce mai sabon fenti, Kawu ke tuƙi, injinmu na tafiya sumul a cikinta. Har oda ya danna mana! Baba ya ɗaga masa hannu, ya ƙarasa alwalarsa. Da Inna ta fahimta ta fashe da kuka, shi kuwa cewa ya yi, "Kada in ji maganar nan a bakin kowa. Ba zan raba ki da ɗan'uwanki a kan ƙarfe ba."

Wallahi na ji haushin Kawu, amma haushin Baba ya fi ci mini rai. An cuce ka tsakar rana, a ƙofar gidanka, a gaban 'ya'yanka, ka ce a yi shiru? Motarmu ta ƙare a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya. Baba ya koma ɗan kamasho a tasha, da furfurarsa yana kiran "Abuja, saura mutum ɗaya!" Har motar Kawu ya sha cika wa fasinja.

Yanzu hanyar Abuja ta zama tagwaye, motoci sun fi ƙarfin ƙirge, wai har na'ura ake jona wa inji ta faɗi ciwonsa. Ina da tawa motar, kuma ba a buɗe gabanta sai ina tsaye, ba na kuma kai ta wurin ɗan'uwa. Sai dai babu mai kunne irin na Baba da zan kai wa ya saurara. Da ya rasu, Kawu ya zo ta'aziyya yana dogara sanda, ya zauna a tabarma ya ce, "Yaya mutum ne mai haƙuri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Shekara da shekaru ina tanadin amsar da zan ba shi. Na waiwaya na ga Inna ta zuba mini ido. Sai na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Kawu. An gode."

Ashe shirun da na tsana a wurin Baba, shi ya bar mini gado.