Golmon Baba Francis na Biyu

Duk wanda ya zauna kusa da ƙaramin cocin da ke gefen Dabai ya san Baba Francis, in bai san fuskarsa ba ya san bugunsa. Shi ne ke buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a mangwaro kowace Lahadi, kuma yana bugunsa kamar ƙarfen ya zagi mahaifinsa. Kofur ne mai ritaya, ya yi shekara ashirin da biyu cikin kaki, ya dawo gida da ɗingishi da kuma fanshon da ke zuwa ran da ya ga dama.

Amma ba da soja yake tinƙaho ba, da matarsa Hannah yake yi. Kafin a ba shi ita sai da ya yi golmo, wato noman da saurayi kan yi wa iyayen yarinya, shi da sa'o'insa, damina bakwai cur. Ba ya barin samarin coci su huta da gori. "Ku da waya kuke aure," in ji shi, "mu da garma munka yi."

Wurin zaman Hannah a coci layi na uku ne a gefen mata, daidai inda kwanon rufi ya fi yoyo. An sha ce mata ta sake wuri, ta ƙi. Da damina takan zo da Littafi Mai Tsarki a hannu ɗaya, daro a ɗayan, ta tare ruwan tana waƙarta. Kullum takan ce wa mijinta ba za ta mutu ba sai ta ga an sake rufin nan. Ta rasu da rani, rufin yana nan yadda yake. Wannan abu ya tsaya wa Baba Francis a rai, bai kuma gaya wa kowa ba.

Sabon fastonsu, Fasto Japhet, yaro ne mai himma, baƙo a ƙasar. Ya bugo katunan alƙawari masu kyau, don kowa ya rubuta abin da zai bayar na rufi, ya sa hannu. Lahadi uku ana raba kati, Lahadi uku yana dawowa fari fat. Ya yi wa'azi a kan gwauruwar da ta ba da anininta biyu, jama'a suka ce Amin har bango ya amsa, kati kuwa ko ɗigon biro. Bawan Allah ya ɗauka rowa ce, har ya fara ramewa. Ba rowa ba ce. Manomin ƙasar nan ba ya sa hannu a kan dawar da ba ta shiga rumbu ba, don ya san alƙawari kaya ne, kuma wanda aka yi wa Allah ya fi kowane nauyi.

A Lahadi ta huɗu, hadari ya fara haɗowa a bayan duwatsu, Baba Francis ya miƙe ba tare da an kira shi ba. Ya tsaya ƙyam kamar a fareti.

"Fasto, riƙe katinka. Kuɗi dai ba ni da su, kowa ya sani. Amma gonata ta bakin rafi tana nan. Zan yi wa ɗakin Allah golmo, damina bakwai, abin da ta bayar duka na rufi ne."

Dariya ta ɓarke. Talatu, shugabar zumuntar mata, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ɗaga murya. "Baba, da wane bayan?"

"Da bayan da ya auro Hannah," ya ce.

Ya ci gaba da tsayuwa shi kaɗai, kunya tana hawansa. A ransa ya fara cewa ya yi wauta, tsoho mai shekara saba'in da uku ya mai da kansa abin dariya. Fasto har ya buɗe baki zai yi masa godiya ya zaunar da shi, don bai san abin da dattawa suka sani ba: ba a taɓa barin mutum ya fita golmo shi kaɗai ba. Wanda ka yi wa layi ɗaya a gonar surukinsa, shi ma sai ya yi maka, ko da gemu ya yi fari.

Dattijo Gabriel, sa'ansa, ya dafa sanda ya tashi yana ƙunƙuni. "Kai dai Francis ba ka barin mutum ya tsufa lafiya." Wasu tsofaffi biyu suka bi shi. To, uba yana tsaye ɗa zai zauna? Kafin ka ce kwabo gefen maza duk ya miƙe. Talatu, da idonta ya cika da ƙwalla, ta ce kunu da tuwon gona na mata ne, kada wanda ya sa musu baki.

Ranar huɗa, mutum na farko da ya iso gonar ba ma ɗan coci ba ne. Malam Arzika ne, abokin ƙuruciyar Baba Francis da ya musulunta tun suna samari, da garma a kafaɗa.

"Ni ba don fastonka na zo ba," ya ce. "Lokacin da niy yi wa matata Asama'u golmo, wa ke hannun damana?"

Da kaka dawar ta sayi rabin rufi kawai. Kafinta ya tambaya ta ina za a fara, kowa ya ɗauka ta kan bagade, inda fasto ke tsayawa, za a ce. Baba Francis ya roƙi alfarma ɗaya, a fara da gefen mata.

Ruwan fari na bana ya sauka ana tsakiyar sujada. Gefen maza ya jiƙe sharkaf, har da Baba Francis, bai ko motsa ba. Idonsa yana kan layi na uku, inda ko ɗigo bai sauka ba. Da aka tashi ya je ya jawo tsohon daron daga ƙarƙashin bencin Hannah, ya share ƙurarsa da hannun riga, ya maƙala shi a hammata ya nufi gida. Saura damina shida.