Mumuni Mai Gawayi da Jirgin Gariba

Na fara ganin Mumuni a shekarar 1951, shekarar da aka yi zaɓen farko, lokacin ina akawu a wani kantin yadi a unguwar Adum, cikin Kumasi. Wata Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ya yi sallama a gidan goggona Azaratu a Zango. Dogo ne, da tsumma ɗaure a wuya, da tabon ƙuna tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ya ce gawayi yake sayarwa, yana son hayar rumfar ƙofar gida.

Abu guda na lura da shi. Da zai gaida Goggo, sai ya zagaya tabarma ya durƙusa ta damanta. Goggo ba ta ji da kunnen hagu tun tana yarinya, kuma ba ta yarda a gaya wa bare. Baƙo kan yi ta zuba ta hagu har sai wani ya ja shi. Wannan kuwa bai yi kuskure ba. Tun ranar ban saki jiki da shi ba.

Ɗa ɗaya Allah ya bar wa Goggo, Gariba. Tare muka tashi. Ni aka kai ni makarantar mishan, shi kuwa ko ta allo sai da bulala. Gajere ne, mai ban dariya. A 1941 ya tafi Takoradi ya shiga jirgin ruwa na kaya, cikin masu zuba kwal a wutar injin. Cikin azumin 1942 labari ya zo cewa jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe jirginsu kusa da Saliyo, ya nutse.

Bayan wasu watanni wani matuƙi ɗan ƙabilar Kru ya biyo ta Kumasi, aka kawo shi gida. Ya ce masu zuba kwal kashi-kashi suke aiki, wasu na ƙasa wasu na hutawa a sama. Da la'asar aka harbe su, lokacin hutun su Gariba, kuma na sama duk sun sami kwale-kwale. Shi dai bai gan shi da ido ba, don a wani kwale-kwalen daban ya fita.

Goggo ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ta hana sadakar uku, ta hana ta bakwai, ta hana ta arba'in. Liman ya zo da kansa, ta ce masa ba za ta kira wa ɗanta mutuwa da shinkafarta ba. Shekaru suka yi ta tafiya, tana tsufa, ni kuwa abin da ke cina shi ne kada ta mutu Gariba yana nan tsakani, ba a gan shi ba, ba a kuma yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi ba. Na sha rubuta wa kamfanin jirgin. Suna amsawa da ladabi, ba sa faɗin kome.

Mumuni ya zauna a rumfa. Kowace safiya yakan kai wa Goggo gawayi, in ta miƙa kuɗi ya ce ba shi da canji. Ya gyara kwanon rufi kafin damina, ya yashe kwata, ya canza igiyar rijiya. Unguwa ta fara magana. Matata Habsa ta ce, "Kirachi, ka buɗe ido." Kirachi shi ne sunan da ake kiran akawu a nan, har ya danne sunana na yanka, Is'haƙa. "Tsohuwa ba magaji, mutum ba dangi. Yau rumfa, gobe ɗaki, jibi ka zo ka yi masa sallama."

Na tambaye shi garinsu, ya ce Salaga. Wata rana wani ya tambaye shi a gabana, ya ce Yendi. Na ce ko ya taɓa ganin teku, ya ce ina shi ina teku. Amma na sha tsayawa ina kallon yadda yake loda buhu. Yakan ciji bakin tsumman wuyansa, ya ware ƙafafu kamar ƙasa na motsi, ya wurga shebur da ɗan juyin hannu, gawayin ya tafi wuri guda bai watse ba. Ba a koyon wannan a Salaga.

A hutuna na 1953 na hau jirgin ƙasa zuwa Takoradi. A ofishin kamfanin aka bar ni a benci har rana ta karya, sannan masinja ya ji tausayina ya nuna mini wani tsohon Kru da ke ɗinkin raga a bayan tasha, wanda a da shi ne shugaban baƙaƙen ma'aikatan jirgin. Tsohon ya tuna jirgin sarai. Ya ce 'yan Zango biyu ne a ciki, tabarmarsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Ɗaya ne ya shigo kwale-kwale. Na ce gajere? Ya ce a'a, dogo, mai ƙuna a hannu. Sai ya ajiye allura ya ce abin da bai gane ba har yau shi ne, dogon nan a ƙasa ya kamata a ce yana a wannan la'asar.

A hanyar dawowa babu mugun tunanin da ban yi ba. Na ce ko Mumuni ya gudu daga aiki ne aka tura Gariba. Na ce ko wajen rububin kwale-kwale ya ture shi. Na ce ko wani abu Gariba ya gaya masa yana binne a gidan.

Daga tasha ban biya gida ba. Na sami Mumuni yana tankaɗe garin gawayi.

"Kirachi, sannu da hanya. Ina tsarabata?"

"Tsohon shugabanku na jirgi, da ke ɗinkin raga a Takoradi, yana gaishe ka."

Ya ci gaba da tankaɗe har ya ƙare abin da ke cikin rariya, sannan ya kife mini bokiti na zauna.

"Yana raye ashe. Ya iya zagi."

"Me ka yi wa ɗan'uwana?"

"Azumi na yi." Ya goge fuska da tsumma. "Kowa a jirgin ya ajiye, har kuku da ya fi mu karatu ya ce matafiyi na da sauƙi. Ni na ce ubana bai taɓa sha ba, ba zan fara ba. Ka san zafin gaban wutar nan? Da azahar na faɗi. Gariba ya ɗauko ni sama, ya jiƙa mini tsumma. Da lokacin komawata ya yi, ya karɓi shebur ɗina. Ya ce, Malam Waliyyi, kwanta, ka biya ni bayan Sallah, har da riba. Ya sauka. Ban ko yi barci ba na ji ƙarar."

"Waye shaidarka?"

"Ruwa."

"To me ya hana ka faɗa? Shekara biyu kana kallonta."

"Kafin na iya zuwa ma na daɗe ina yawo. Ranar da na zo, faɗa na zo yi. Na durƙusa ta inda ya ce mini tana ji, ta ce rumfar aro ce, in ɗanta ya dawo zai buɗe shago. Kai da ka yi makaranta, gaya mini da wane baki."

Ban ce na yarda da shi ba, don a lokacin ban sani ba. Na ce ko ya faɗa mata yau, ko ni na faɗa, kuma ba zan gyara masa labarin ba. Ya wanke hannu da fuska, ya sa rigarsa ta Juma'a, muka shiga.

Goggo tana tsintar shinkafa. Ya durƙusa ta damanta ya ce, "Mma," ya faɗi kome yadda ya faɗa mini, bai rage ba. Ba ta ɗaga kai ba. Da ya gama ta ce, "Da wane suna ya kira ka?" Ya maimaita. Ta ce, "Bakinsa ne." Sannan ta dube ni. "Is'haƙa, je ka gaya wa Liman. Jibi."

Aka yi sadakar Gariba, aka dafa shinkafa da wake, malamai suka sauke Alƙur'ani a tsakar gida. Mumuni ya hura wutar tukwane, bai shigo cikin taro ba. Washegari ya kai gawayi, Goggo ta sa aka mayar masa. Ba ta kore shi daga rumfa ba, amma ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba, kuma ta koma sayen gawayi a unguwar Moshi Zango, da nisa da tsada. Shi kuwa bai fasa yashe kwata ba. Mu uku ne muka san dalili, don haka unguwa ta yanke cewa ta kama shi da wani abu. Habsa ta ce ai ta faɗa. Ni kaina wani lokaci nakan dube shi in ce, labari dai daga bakin mutum ɗaya ya fito.

A daminar 1956 Goggo ta kwanta. Ina zaune ta damanta wata safiya ta ce, "Wa zai sauka da ni kabari?" Na ce ni, tunda ni ne ɗan ɗan'uwanta. Ta ce, "Kai ka tsaya a sama. Mai gawayi yana da aikin ɗana a wuyansa. Sallah ta wuce tuni."

Ranar jana'iza a maƙabartar Tafo, an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. Da aka ajiye makara mutane suka buɗa mini hanya. Na juya na nemi Mumuni, na hango shi can baya, na ɗaga masa kai. Ban gaya masa maganarta ba, amma na ga ya riga ya cire takalmi. Wani dattijo ya ce a hankali, "Wannan kuma a wa?" Liman ya dube ni, na ce wasiyya ce.

Ya naɗe wando, ya ciji bakin tsummansa, ya sauka. Muka miƙa masa ita, ya karɓa shi kaɗai, ya kwantar da ita ta damanta tana fuskantar gabas, ya jera itace, ya toshe kowace kafa da laka. Ya ɗan daɗe a ciki. Sannan ya miƙo hannun nan mai ƙuna, na kama na jawo shi sama.